Ragowar Kilomitocin Yaya

Auta ba ya son ruwa. Gara a faɗi wannan tun farko, don duk wanda ya gan shi ƙarfe shida na safe yana tsunduma cikin tafkin iyo na filin wasanni sai ya ɗauka a ruwa aka haife shi. Shekararsa arba'in da tara, aikinsa fenti, kuma Autan nan da ake ce masa ya bi shi har furfura, ko 'ya'yan 'yan uwansa Baba Auta suke cewa. Yayansa ne ya kai shi ruwa.

Yaya safiyo ne kafin ya yi ritaya, mai awon filaye, mutumin da ko shayi za a haɗa masa sai ya faɗi cokali nawa. Da likita ya ce masa hawan jini ya kama shi, sai ya shiga cikin wasu dattawa da ke iyo kowace safiya kafin a buɗe wa sauran jama'a. Su bakwai ne, duk masu tumbi da ciwon gwiwa. Ya same su suna shiga ruwa su ɗan yi facal-facal su fito su zauna hira, abin ya ba shi haushi, ya kafa musu doka. Ya sa aka buga allo a bango, kowa da layinsa. Tsawon tafkin mita ashirin da biyar ne, zuwa da dawowa hamsin ke nan. Ba wanda zai ƙirga wa kansa, don a cewarsa ruwa yana cinye lissafi, kuma mutum in ya gaji sai ya yi wa kansa ƙari. Sai dai abokinka ya zauna a bakin tafki da gwangwani biyu, duk lokacin da ka je ka dawo ka taɓa bango ya ɗauki murfin kwalba ɗaya daga wannan ya jefa cikin wancan. Murfi ashirin, kilomita ɗaya. In an fito, mai kula da tafki ya zazzage gwangwani ya ƙirga ya rubuta a allo da alli. Abin da gwangwani ya faɗa shi ke nan, ba gardama.

Dabarar ta ci kuwa. Dattawan da a da ruwan sama kaɗan ke hana su fitowa suka koma masu jiran a buɗe ƙofa, kowa yana satar kallon layin ɗan uwansa. Yaya ya ɗaukar wa kansa kilomita ɗari uku. Ya kai ɗari da tamanin, sai wata safiya yana ɗaura igiyar takalmi ɓarin jikinsa na dama ya shanye.

A hawa na biyu yake zaune, benen kuma matakala ce kawai, matsattsiya mai kwana biyu. Tun da aka hau da shi daga asibiti bai sake sauka ba har wata huɗu. Gado, tagar da ke kallon bayan wani gini, fanka, sai matarsa da ke shiga da fita da kwano. Magana ta tafi, abin da ya dawo kaɗan ne, kafin ya ce a ba shi ruwa sai ya yi gumi. Amma lambobi suka dawo masa tsaf. Zai ƙirga daga ɗaya zuwa ɗari ba tuntuɓe, ya gama ya juya fuska bango. Abinci ma ya fara ƙi.

Ranar da dattawan suka zo duba shi Auta yana nan. Ɗaya daga cikinsu, wani likitan haƙori da suke ce wa Dokta, ya ce don ya faranta masa: "Ai layinka yana nan a allo, mun hana a goge."

Yaya ya juyo daga bango, abin da bai yi wa kowa ba duk ranar. Bakinsa ya yi ta motsi, can ya ce, "Ɗari da ashirin. Saura."

Ɗakin ya yi shiru. Auta kuwa ba ya iya zama cikin shiru, tun yana yaro haka yake, sai ya ji bakinsa yana cewa, "To mene ne a ciki, Yaya? Ni zan ƙarasa maka. Kai ka riƙe gwangwani."

Ya faɗa ne irin faɗar da ake yi a gaban mara lafiya. Yaya kuwa a ranar ya cinye abincinsa tas, ya sa matarsa ta nemo masa gwangwanayensa a ƙarƙashin gado.

To daga nan rayuwar Auta ta koma haka. Biyar da rabi yana ƙofar benen da tsohuwar motarsa mai warin fenti. Ya hau, ya tarar matar Yaya ta riga ta shirya shi, hula a kai, gwangwanaye a jaka. Ya durƙusa, Yaya ya rataya hannunsa mai lafiya a wuyansa, shi kuma ya kai hannun dama baya ya tallafi ƙafar da ta mutu, ya goya shi su sauko a hankali. Keken guragu yana bayan mota. A wurin iyo ya tura shi har bakin layi na uku na tafkin, ya ɗora masa katako a cinya ya jera gwangwanayen, sannan ya tuɓe ya shiga ruwan da ba ya so.

Gaskiya da farko ya ji daɗin abin. Ranar farko murfi huɗu ya yi ya fito yana haki, Dokta yana tambayarsa ko a kira motar asibiti. Bayan mako biyu ya yi goma. Ranar da ya cika ashirin a shiga ɗaya, mai kula da tafki ya goge lambar Yaya ya ƙara ɗaya cur, Auta ya tsaya yana kallon allon nan da baki buɗe. Lamba tana da wani abu. Da safe in jiki ya ce kwanta, sai ya tuna saura kaza a cika ɗari biyu, ya tashi. Tumbinsa ya sauka, bel ɗinsa ya koma huda biyu baya, matarsa tana yi masa tsiya wai saurayi aka mayar mata. Yaya kuma ya yi ƙiba, yana zaune tsaf cikin kekensa yana amsa gaisuwar dattawa da ɗaga gwangwani, wani lokaci har ya buga katako in ya ga wani yana juyawa bai taɓa bango ba.

Sai kafaɗa ta fara magana. Mai fenti dama hannunsa a sama yake wuni, yana tura rola a silin, ga shi kuma an ƙara masa wata huɗu na wurga hannu cikin ruwa da goyon babban mutum a matakala. Da farko ɗan zafi ne in ya sa riga. Daga baya sai da hagu yake ɗauko bokitin fenti daga kan tsani. Da ya je asibiti, likitar ƙashi ta ɗaga hannun ta juya shi, Auta ya ga taurari.

"Jijiyar ta fara yagewa," ta ce. "Ka bar iyo yau, ba gobe ba. In ta ƙarasa tsinkewa, hannun nan ba zai sake wuce kafaɗarka ba sai an yi aiki, aikin ma ba tabbas."

"Wata ɗaya ya rage mini, likita."

"Wata ɗaya na me?"

Ya buɗe baki zai yi bayani, sai ya ga doguwar magana ce, ya karɓi takardar magani ya fito.

A gida matarsa ta ce, "Ka gaya wa Yaya mana. Ai ba dutse ba ne."

"In gaya masa me? In ce na gaji? Kin ga yadda yake kafin mu fara."

"To sai ka kashe hannunka?"

"Wata ɗaya ne. In an rubuta ɗari uku na cika alkawari, ba wanda zai ce na ajiye shi a hanya."

Ya yi lissafinsa: murfi talatin kullum, kwana talatin da 'yan kai, ya fita. Abin da ya riƙe ke nan. Yanzu ya tsani komai na wurin, warin maganin ruwan da ke bin sa har kan filo, sanyin tayil a tafin ƙafa, baƙin layin da ke ƙasan tafki wanda yake bi ya je ya dawo ya je ya dawo ba ya kai shi ko'ina. Mutum ya yi tafiyar kilomita ɗari amma yana nan a layi na uku. Da a ce ma yana ganin ƙarshen yana matsowa da sauƙi, to amma lambar ta yi nauyin ƙafa. Zai yi iyo har ya ji ya tabbata ya yi talatin, ya fito, a zazzage gwangwani a samu ashirin. Wata rana sha tara. Ya ɗora laifin a kan kafaɗa da tsufa, ya ce jiki ne ke yi masa ƙarya. Watan ya ƙare, allo yana cewa ɗari biyu da saba'in da shida.

Dokta ne ya lura da yadda yake fitowa daga ruwa da hannu ɗaya. A ɗakin canza kaya ya ciro wani baƙin agogo daga jakarsa.

"Ɗana ya aiko mini, wai yana ƙirga zuwa da dawowa da kansa. Ni ban yarda da shi ba, dokar yayanka ta fi mini. Amma ɗaura ka gani, don yadda nake ganin kana yanka ruwan nan, lambarka ba ta yi kama da kai ba."

Auta ya ɗaura. Da ya fito, agogo ya ce talatin. Gwangwani ya ce ashirin.

Ba fushi ne ya fara zo masa ba, tsoro ne. Yaya bai taɓa kuskuren lissafi ba a rayuwarsa, mutumin da ke gyara wa masu shago canji tun kafin su gama dannawa. Lambobi ne kaɗai ciwon ya bar masa. In su ma sun fara zubewa, to wani abu yana sake faruwa a cikin kan nan. A mota ya yi ta gwada shi da wayo.

"Yaya, sha bakwai sau shida nawa ne? Wani aiki nake auna wa."

"Ɗari da biyu," Yaya ya ce, ko ƙiftawa bai yi ba.

Washegari Auta ya goge gilashin idonsa na iyo sosai kafin ya shiga. Duk lokacin da ya dawo bango sai ya ɗan ɗaga kai kafin ya juya. Na farko, murfi ya faɗa gwangwani. Na biyu, ya faɗa. A na uku ya ga hannun hagun Yaya ya ɗauko murfi, ya kai shi saman gwangwani, ya tsaya. Bai saki ba. Ya mayar da shi inda ya ɗauko a hankali, yana kallon wani wuri. Na huɗu da na biyar suka faɗa, na shida aka mayar. Ba rawar hannu, ba ruɗewa. Kowane na uku yake cirewa, aikin safiyo tsaf.

Nan fushin ya zo, ya zo kuwa da ƙarfinsa. Maimakon ya fito, sai ya shiga dukan ruwa kamar shi ya yi masa laifi. Ya je ya dawo, ya je ya dawo, yana zage-zage a cikin ruwa inda ba mai ji. A tsakiyar tafki ya wurga hannun dama sai ya ji ɗas, wani zafi ya ratsa shi daga wuya har gwiwar hannu. Ya kama igiyar layi da hagu ya ja jikinsa zuwa bango. Ya ce wa dattawa ƙafarsa ce ta riƙe. Mai kula da tafki ya taimaka aka sa Yaya a mota, Auta ya tuƙa da hannu ɗaya har ƙofar bene.

Ya kashe mota. Mai wanki da guga na ƙasan benen yana fito da teburinsa, mai walda na kusa da shi yana jan waya. Auta bai buɗe ƙofa ba.

"Yaya, na gani."

Yaya yana kallon gaba, jakar gwangwanaye a cinyarsa.

"Na ga kana mayar da murfi. Tun yaushe?"

"Wata uku."

"Nawa ne na gaskiya? Na san ka sani."

"Ɗari uku. Da sha biyu."

Auta ya kwantar da kai a sitiyari. Wato ya gama tun kwana takwas da suka wuce, yana ta bugun ruwa a banza da hannun da likita ta ce ya ajiye. Ya so ya yi ihu, amma Yaya ne, shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, Auta bai taɓa ɗaga masa murya ba, yau ma bai iya ba. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Me na yi maka, Yaya? Kullum ina ƙofar nan biyar da rabi. Me ya sa?"

Bakin Yaya ya yi ta kokawa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya ɗaga yatsa ya nuna sama, wajen hawa na biyu.

"In an gama. Ɗaki."

"Haba Yaya. Wa ya ce maka? Ai sai in riƙa zuwa ina kai ka, ka ƙirga wa Dokta, ka ƙirga wa kowa. Ba sai na shiga ruwa ba."

Yaya ya juyo ya dube shi sosai, da idon nan mai lafiya da wanda ya ɗan faɗa.

"Litinin," ya ce. Ya huta. "Ba ka zuwa."

Ranar Litinin ake rufe tafkin a wanke shi. Auta ya yi ta laluben Litinin ɗaya a cikin wata biyar da ya taka matakalar nan don kawai ya ce Yaya ina kwana, bai samu ba. Litinin ranar barcinsa ce, ranar da yake jira tun daga Talata. Ya san kansa, Yaya ma ya san shi. Zai zo mako na farko, ya zo na biyu, a na uku aiki ya taso a wata unguwa mai nisa, daga nan sai waya. Lambar ce take kawo shi, kuma safiyo ya auna wannan tun kafin shi ya sani.

"Mu hau, Yaya," ya ce. "Rana tana yi."

Ya zagayo ya buɗe ƙofa ya durƙusa. Yaya ya rataya hannu a wuyansa kamar kullum. Auta ya ce wa hannun dama ya koma baya ya tallafi ƙafa, hannun ya ɗan motsa ya tsaya a gefen cinyarsa. Ya sake gwadawa, ya ciji leɓe har ya ji gishirin jini. Ya yunƙura zai tashi da hagu kaɗai, Yaya ya zame gefe, da ƙyar ya mayar da shi kan kujera.

Yaya ya kalli hannun da ke lilo. Ya miƙa nasa ya taɓa kafaɗar, Auta ya zabura.

"Yaushe?"

"Ta daɗe tana ciwo. Yau ta tsinke."

"Ba ka faɗa ba."

"Ban faɗa ba."

Yaya ya janye hannunsa ya ɗora a kan jaka.

Dole Auta ya je ya roƙi mai wanki da mai walda. Mutanen kirki ne, suka ajiye aikinsu nan take. Suka ce goyo ba za su iya ba, kada su kayar da shi, sai aka ɗauko kujerar roba daga shagon mai wanki aka ɗora Yaya a kai, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Suka fara hawa suna nishi, suna ce wa juna ɗaga naka, karkato nan, yi hankali da bango, irin maganar da ake yi in ana hawa da firji. Hular Yaya ta karkace, ba hannun da zai gyara, don ya ƙanƙame jakarsa. Matarsa ta leƙo daga sama tana tambaya ko lafiya.

Auta yana tsaye a ƙasa, ya riƙe gwiwar hannun dama da hagu. A kwanar farko masu ɗaukar suka tsaya su huta, kujerar ta juyo, Yaya ya dubo shi daga can.

"Gobe?"

Auta ya san amsar da ake ba mara lafiya, ita ce ta kawo shi nan. Ya haɗiye ta.

"Sai na ga likita, Yaya."

Yaya ya gyaɗa kai sau ɗaya. Suka ɗaga shi suka sha kwana, Auta ya ji takunsu yana hawa, ya ji an buɗe ƙofa, ya ji an rufe.

Ya koma mota ya zauna bai tayar ba. Kafaɗar tana ci kamar wuta, ga aikin silin na mutane yana jiransa ƙarfe tara, ga abin da matarsa za ta ce. Amma ba wannan ne ya sa ya kifa fuska a hannunsa mai lafiya yana kuka a gaban shagon mai walda ba. Da ya ji ƙofar nan ta rufe a sama, abin da ya fara zo masa a rai shi ne gobe ba zai shiga ruwa ba, kuma daɗi ya ji.